Tarihin Batirin Zango da Ma'aunin Cajinsa: Tunatarwa ga Masu Hidimar Maukibi

 

Ya 'yan'uwa muridai, da yawa daga cikin motocin da suke kawo jama'ar zawiyoyi wannan maukibi suna ɗauke da batir na biyu, wanda yake bai wa lasifika da fitilu wuta bayan an kashe inji. Galibi da kuɗin karo-karon 'yan'uwa ake sayensa, don haka amana ne. Mun ga ya dace mu kawo taƙaitaccen tarihinsa da yadda ake saita cajarsa.

A shekarar 1800 Alessandro Volta, masani ɗan ƙasar Italiya, ya jera faifayan tagulla da na tutiya, ya raba tsakaninsu da ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri, sai wutar lantarki ta gudana. Daga sunansa aka samo kalmar bolt, ma'aunin ƙarfin wuta. Sai dai batirinsa ba a sake cika shi. A 1859 Gaston Planté na Faransa ya ƙera batirin dalma da ruwan asid, na farko da ake sake yi wa caji. A 1881 Camille Faure ya inganta farantansa, har aka iya ƙera shi da yawa. A 1912 kuma kamfanin Cadillac na Amurka ya fitar da mota mai tashi da lantarki, daga nan batir ya zauna a cikin mota.

Shi kuwa batir na biyu, tafiye-tafiye ne suka jawo buƙatarsa. A 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mayar da motocin Volkswagen ɗakunan kwana na matafiya. Da kayan wuta suka yawaita a irin waɗannan motoci, sai aka ga wanda ya kwana da fitila a kan batirin inji yakan wayi gari mota ta ƙi tashi. Saboda haka aka ware batirin zango mai farantai masu kauri, wanda yake jure bayar da wuta a hankali tsawon dare.

Daga baya nau'o'insa suka ƙaru. A 1957 kamfanin Sonnenschein na Jamus ya samar da batirin jel, mai daskararren ruwa. A 1991 Sony ya fara sayar da batirin litiyom, sannan a 1997 John Goodenough da abokan aikinsa na Jami'ar Texas suka wallafa bincike kan nau'in LiFePO4, wanda masu sola suke amfani da shi a yau.

Wannan yawaitar nau'o'i ita ta wajabta saita caja, domin kowanne da gwargwadonsa. Batirin dalma mai bolt 12 ana cajinsa mataki uku: caja ta tura wuta har ya kai kimanin bolt 14.4, ta tsaya nan har ya cika, sannan ta sauko wajen 13.6 ta riƙe shi. Na jel ya fi son ƙasa kaɗan, wajen 14.1. LiFePO4 yana karɓar 14.2 zuwa 14.6, kuma ba ya buƙatar a bar shi kan caja bayan ya cika. Batirin dalma mai ɗaukar amfiya-awa 100, cajin amfiya 10 zuwa 20 ya ishe shi. Waɗannan alƙaluma na zafin digiri 25 ne. A zafi irin na bazararmu ana rage wa na dalma ƙarfin caji kaɗan.

Idan caji ya wuce kima, ruwan batir yakan ƙone, ya fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, wanda haɗari ne a motar da mutane suke kwana. Idan kuma aka bar shi babu caji, farin gishiri yakan daskare a farantansa, ƙarfinsa ya ragu. Ba a so a janye fiye da rabin wutarsa.

Muna roƙon muƙaddamai su ɗora wa mutum guda alhakin batirin kowace zawiya: ya karanta abin da masu ƙera shi suka rubuta a jikinsa, ya daidaita caja da nau'insa, ya ajiye shi inda iska take shiga, ya kuma cika shi kafin a adana bayan maukibi.