Gardamar Gurmi da Kuntigi

Sa'ad da kaset ya bazu a ƙasar Hausa, wajen 1975, aka yi ta wata gardama a tashoshin mota daga Jahun har Haɗejiya: wa ya fi iya kaɗa tsirkiya, Haruna Uji ko Ɗanmaraya Jos? Mutanen bakin kogi suka tsaya wa nasu, gama Haruna ɗan Haɗejiya ne, gurminsa kuwa kamar magana ya ke yi. 'Yan mota suka ce ina! Kuntigi tsirkiya ɗaya tak gare shi, a jikin ɗan gwangwani, amma da shi Ɗanmaraya ya yi waƙar Karen Mota, ya zaga ƙasashe. Lalle hujjar nan da nauyi ta ke. Ɗanmaraya ya rasu cikin 2015, masoya gurmi ba su sallama masa ba.