Daga Furen Taba Zuwa Haƙorin Makka

Duk wanda ya saba zuwa taron suna ko na biki a Mashi, garin nan da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, ya san ƙyallin da ke fitowa daga bakin dattijuwa idan ta yi dariya. Ba sai an gabatar da ita ba, haƙorin Makka ya riga ya ce Hajiya ce. Da yawa na ɗaukar wannan ado gadon kaka da kakanni ne, wasu ma na zaton yana da alaƙa da ibada. A ganina duka biyun kuskure ne. Haƙorin Makka baƙo ne da ya zo da zamanin jirgin sama, kuma abin da ya ba shi daraja shi ne shaidar da yake bayarwa. Bahaushe ya daɗe yana sa haƙorinsa ya faɗi matsayinsa, kuma duk lokacin da zamani ya juya, abin da haƙorin ke faɗa kan sauya.

Kafin zinariya, ja ne adon baki. Matan ƙasar Katsina da Daura kan goga furen taba a haƙora, su bi da goro, har launi ya zauna, kuma mace mai jan baki ita ake kira mai kwalliya. Idan aka duba da kyau, kayan adon nan biyu duk daga nesa suka zo. Taba asalinta Amurka, goro kuwa fatake ke ɗauko shi a kan jakai daga Gwanja, a arewacin Gana ta yau, tafiyar watanni, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya sauƙaƙa safararsa. Ke nan macen da bakinta ba ya rabo da goro tana nuna cewa gidansu ko gidan mijinta akwai abin hannu. Tsabta kuma harka ce daban, wadda asuwaki da gawayi da gishiri ke yi. Ko bedin da yau kowa ke karya reshensa ya yi asuwaki, daga ƙasar Indiya aka kawo shi a zamanin Turawa. Abin da muke kira na gargajiya, sau da yawa baƙon jiya ne da ya zama ɗan gida.

Hujjata game da haƙorin Makka tana cikin tarihin tafiyar kanta. Alhazan dā a ƙasa suke zuwa, ta Barno da Chadi da Sudan, su tsallaka Bahar Maliya, suna tafe suna noma da ƙwadago don neman guzuri. Tafiyar kan ci shekaru, wasu ma ba su komo ba, shi ya sa zuriyarsu ke cike a Sudan har yau. Mutumin da ya isa Makka da ƙafa a faffashe, ba zinariyar baki ce a gabansa ba, kuma ba ya bukatar shaida, domin daɗewarsa ta ishi garinsu labari. Hajjin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921, ta jirgin ruwa, har ya biya ta Ingila, abu ne na sarakai. Sai daga shekarun 1950, da jirage suka fara kwasar maniyyata daga Kano, sannan kuɗin fetur ya shigo a shekarun 1970, manomin gyaɗa da ɗan tireda da matar aure suka iya zuwa su dawo cikin makonni kaɗan da sauran kuɗi a hannu. A lokacin ne aka bukaci alamar da ba ta tsufa kamar carbi, ba ta ƙarewa kamar dabino da zamzam. Maza akasari suka ɗauki azurfa, mata zinariya.

Malamai na da ƙorafi, kuma ba a raina shi. Suna cewa babu inda haƙori ya shiga ayyukan Hajji, zinariya haramun ce ga namiji, nuna ibada kuma ƙofar riya ce. Sukan kawo hadisin Arfaja, sahabin da aka yanke wa hanci aka ba shi izinin sa na zinariya, su ce larura ce ta halatta masa. Sukan kuma kawo hadisin Ibn Mas'ud da ya yi hani ga feƙe haƙora don samun wushirya, wadda mu nan muke yabo idan halitta ce. Duk na yarda. Inda na saba da masu zafafawa shi ne ɗaukar kowace Hajiya mai haƙori a matsayin mai fariya. Matar da ta shekara goma tana adashi da kiwon awaki kafin ta ga Ka'aba, a al'ummar da ba kasafai ake rubuta sunan mace a ko'ina ba, wannan ɗan ƙarfen ne kaɗai takardar shaidarta. A yi mata gyara da taushin harshe.

Ƙorafin da ya fi damuna na likitoci ne. Kafin a saka hular ƙarfen da ake kira haƙorin Makka sai an goge lafiyayyen haƙori, farin ɓawon da aka kankare kuwa ba ya sake tsirowa. Idan hular ba ta zauna daidai ba, abinci na maƙalewa a ƙarƙashinta, dasashi ya kumbura, haƙorin ya ruɓe a ɓoye. Ga kuma hatsarin kayan aikin da ba a dafa ba. Yanzu darajar haƙorin Makka ta ragu, tunda ana iya saka shi a gida ba tare da an je ko'ina ba, hoton waya kuma ya karɓe aikin shaida. Matasa sun koma ga fari: wankin haƙori, hodar farantawa da ake tallatawa a TikTok, da wayar haƙori da wasu ke ɗaurawa don gayu alhali haƙoransu a jere suke. Wannan shi ne sabon furen, yana cewa mai shi ɗan birni ne. Ba na zargin yarinyar da ke son murmushinta ya yi kyau, kakarta ma ta so. Amma fure rini kawai yake yi, na yanzu kuwa wani sa'in cin haƙorin yake yi.

Don haka ga kirana ga iyaye da maniyyatan Mashi da kewaye: duk adon da zai sa a kankare haƙori ko a ɗaura masa waya, kada a miƙa baki ga mai shago. A je sashen haƙori na asibiti, ko a Katsina ko a Daura, likita ya duba tukuna.