Tarihin Tsibirin Lilifut da Rikicin Fasa Ƙwai

Tsibirin Lilifut babu shi a taswira. Jonathan Swift, wani limamin coci a Dublin, shi ya ƙago shi cikin littafinsa na tafiye-tafiyen Gulliver a 1726. Mu malamai mun saba ba yara labarin kamar tatsuniya, mu tsaya ga mutanen da tsawonsu bai kai inci 6 ba, mu tsallake tarihin ƙasar, alhali nan Swift ya zuba dafinsa.

Asalin fitinarsu ƙwai ne. Wani ɗan sarki ya yanke yatsa garin fasa ƙwai ta gindi, sai uban ya kafa doka kowa ya riƙa fasawa ta tsini. Sau 6 ana tawaye, mutum 11,000 suka gwammace mutuwa da bin dokar, wani sarki ya rasa ransa, wani ya rasa gadonsa. Waɗanda suka tsere suka fake a tsibirin Bilefusku, har yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu.

Mutanen Ingila na lokacin ba su bukaci tafinta ba. Rigimar Katolika da Furotesta ce. An fille kan Sarki Charles na 1 a 1649, aka tuɓe James na 2 a 1688, ya gudu Faransa, wato Bilefusku. Jam'iyyun tsibirin biyu kuwa da tsawon dunduniyar takalmi ake bambanta su, su ne Tori da Wig na majalisar Ingila. Yarima mai jiran gado, don kada ya ɓata wa kowa, ya sa dogo da gajere, yana ɗingishi.

Swift bai sa sunansa a bugun farko ba, maɗaba'ar ma sai da ta sassauta wasu wurare don tsoron hukuma.