Mazari da Jirgin Ƙasa: Waiwaye Kan Sana'ar Kaɗi a Nguru da Gashuwa

Kafin zuwan Turawa, da wuya a shiga gida a ƙasar Manga ko ta Bade ba a tarar da mace da mazari a hannu ba. Kaɗi sana'ar mata ce, kuma da ita suke samun abin biki da na kayan ɗakin 'ya'yansu ba tare da sun fita waje ba.

Aikin yana da matakai. Da farko akan gurje auduga a kan magurji don a raba ta da angurya. Daga nan sai a shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi, a naɗe ta sutu-sutu. Sannan makaɗiya ta shafa alli a yatsunta, ta murza mazari, nauyin gululun da ke gindinsa ya riƙa juya shi, zare yana fita. Mai kauri shi ne abawa, siririn kuwa arafiya.

Darajar zaren nan ta wuce ta sutura. Nguru ita ce mazaunin Galadiman Barno, kuma a daular Barno ƙyallayen saƙi da ake kira gabaga su ne kuɗin ciniki kafin wuri ya yawaita a tsakiyar ƙarni na 19. Ke nan matar da ke kaɗi a tsakar gida, tushen kuɗin ƙasa take murzawa. Haka kuma tufafin Kano da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yaba a 1851, waɗanda ake kaiwa har Tambutu, duk daga mazarin mata suka faro.

To, me ya karya wannan sana'a? A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Ingila, da nufin samar wa masaƙun can ɗanyar auduga. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya ƙaraso Nguru a 1930. Jirgin da ya kwashi gyaɗa da fatu da ƙaro, shi ne ya dawo da akoko da atamfa masu araha, suka bazu har kasuwar Gashuwa. Zaren da mace za ta kwana bakwai tana kaɗawa ba ya iya gasa da na inji. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, sai kasuwar mazari ta ƙara ja da baya. Abin takaici, ita ma masaƙar ta rufe a 2002, muka tashi ba tsuntsu ba tarko.

A Indiya, Mahatma Gandhi ya mayar da kaɗin hannu alamar neman 'yanci. A Turai da Amurka kuwa, mutane na koyonsa don sha'awa. Mu a nan malamanmu na kusa: tsofaffin da suka gaji aikin daga iyayensu. Sai dai iliminsu a yatsu yake, ba a littafi ba, kuma duk wadda ta kwanta dama, da shi take tafiya, har da kalmominsa. Ɗalibai nawa ne a cikinmu suka san gululu ko sutu?

Ba muna cewa mazari zai maye gurbin inji ba ne. Kiranmu shi ne, ɗalibin da ya je hutu gida ya nemi kakarsa, ya durƙusa gabanta ya koya, ya rubuta sunan kowane abin aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.