Ƙamusun Faransanci da Sunayen Sana'o'in Mata

Galibi ana ɗaukar ƙamus tamkar alƙali mai adalci. To, tarihin ƙamusun Faransanci bai goyi bayan wannan zato ba.

A shekarar 1635 ne Kadinal Richelieu ya kafa Hukumar Harshen Faransanci, mai kujeru 40, ta kuwa fitar da ƙamusunta na farko a 1694. Tun a 1647 wani ɗan hukumar, Vaugelas, ya yanke hukunci cewa jinsin namiji ya fi daraja a nahawu, don haka shi ke rinjayar na tamace in sun haɗu. Kalmar autrice, wato marubuciya, wadda aka sani tun ƙarni na 16, ba ta sami shiga ƙamusun ba. Ambassadrice kuwa ta daɗe tana nufin matar jakada. Ba abin mamaki ba ne, domin sai a 1980 aka zaɓi mace ta farko cikin hukumar, Marguerite Yourcenar, bayan shekara 345.

Da gwamnatin Faransa ta kafa kwamiti a 1984 don samar wa mata sunayen sana'o'insu, hukumar ta yi kememe ta ƙi. Ɗan makaranta a Maraɗi ko Damagaram, wanda a gida yake cewa malama da marubuciya ba tare da wata gardama ba, a aji an koya masa kiran mace minista da sigar namiji. Sai a watan Fabrairun 2019 hukumar ta sauko, bayan jaridu da jama'a sun riga ta nesa.