Asalin Kalma: "Sata", Ɗari a Harshen Finlan

A bakin mutanen Finlan, "sata" na nufin ɗari, 'yan Hungari kuma "száz" suke cewa. Harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne, dangin Ural, amma wannan kalma baƙuwa ce a gidan.

Dubban shekaru da suka wuce, kakanninsu sun yi maƙwabtaka da masu tsohon harshen Indo-Iran, wani reshe na dangin Indo-Turai, kuma a wurinsu suka aro ta. Shi ya sa take kama da "shatam" ta Sanskirit da "sad" ta Farisanci. Latin, shi ma ɗan dangin Indo-Turai, ya riƙe tsohon sautin "k" a tasa kalmar ta ɗari, "centum", wadda ake furtawa "kentum", shi kuwa reshen Indo-Iran ya sauya shi zuwa "sh" da "s". Sautin farkon kalmar ne ya nuna inda aka yi aron.

Tsakiyarta kuma ita ke nuna daɗewarta. Inda Finlan ke da "t" tsakanin wasula, Hungari na da "z": "kota", bukka, ita ce "ház", gida. "Száz" ta bi wannan ƙa'ida daidai, wato ta shigo tun kafin sauyin ya auku a harshen Hungari.