Daga Keso Zuwa Alat: Tarihin Ajiyar Kuɗi a Haɗejiya da Bankin da Ba Shi da Reshe

Idan ka shiga kasuwar kifi ta Haɗejiya ka tsaya kusa da masu cinikin banda, za ka ga an gama ciniki, an ɗaure kwalaye, amma ba wanda ya zaro ko naira ɗaya daga aljihu. Mai saye ya danna waya, mai sayarwa ya ƙura wa tasa ido, can sai ka ji ya ce, "To, ya shigo." Shi kenan, a loda kaya. In ka tambayi ina bankin da kuɗin ya shiga yake, sau da yawa ba shi da ofishi a garin, wataƙila ma ba shi da ofishi a duk Jigawa.

Mai yiwuwa kai ma an sha ce maka ka mayar da asusunka na hada-hadar yau da kullum, wanda 'yan banki ke kira karant, zuwa irin wannan banki na cikin waya. Ka so ka yi, amma zuciyarka ta ƙi kwanciya: in wani abu ya faru, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa? Tambayar tana kan hanya. Ta kuma girmi waya, ta girmi naira, ta girmi banki kansa a wannan ƙasa. Bari mu bi sawunta.

Zamanin da kuɗi ke da nauyi

Kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Wurin nan ƙwanson wata halitta ce ta teku, mafi yawansa daga tsibiran Maldib da ke tekun Indiya, kuma da shi aka yi saye da sayarwa a ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri wajen 2,500. Wuri 20,000 shi ne keso guda, kuma keso kayan ƙato ne.

Ka ga matsalar ke nan. Mai tafiya fataucin goro Gwanja ba zai kwashi dukiyarsa a wuri ba, don abincin jakunan da za su ɗauke ta ma ya isa ya ci rabin riba. Saboda haka fatake suka dogara da mutane. A kowane zango akwai fatoma ko mai gida, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ba da kaya bashi. A cikin gari kuwa akwai attajirin da ake kai wa ajiya, ga adashi a hannun uwar adashi, ga tukunyar da ake binnewa a ƙuryar ɗaki. Manomin fadama shi kuma ajiyarsa tana rumbu da turke: in shinkafa ta yi kyau ya sayi sa ko tumaki, in buƙata ta taso ya kai kasuwa.

Duk waɗannan hanyoyi abu uku ke riƙe da su. Akwai lissafi, ko a ka ko a takardar ajami. Akwai amana. Akwai kuma wanda za a kai wa ƙara, alƙali ko sarkin kasuwa, idan amana ta ɓaci. Ka riƙe ukun nan, za mu sake haɗuwa da su.

Sule, jirgin ƙasa da bankin Turawa

A Afrilun 1906 sojojin Ingila suka ci Haɗejiya da yaƙi, Sarki Muhammadu ya rasu yana kare garinsa. Cikin abubuwan da sabon mulki ya sauya har da kuɗi. A 1912 aka kafa hukumar da ke buga wa ƙasashen Afirka ta Yamma na Ingila kuɗi, aka matsa sai da su za a biya haraji da jangali. Anini da kwabo da sisi da sule suka ture wuri sannu a hankali.

Sai kuma jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya nufi Nguru kuma aka kammala shi a 1930, ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa. Gyaɗa da fatu suka samu hanya, kamfanonin Turawa suka kafa wuraren saye a tasoshi, tsabar kuɗi ta fara yawo a ƙasar Haɗejiya lokacin kaka.

To amma banki fa? Akwai shi, sai dai na kamfanoni ne da gwamnati. Bankin da ya zama First Bank a yau ya fara aiki a Legas tun 1894, kuma rassan irin waɗannan bankuna a manyan garuruwan ciniki suke. Labarin da aka fi bayarwa a Kano shi ne na Alhassan Ɗantata, wanda aka ce a 1929 ya kai ajiyar tsabar azurfa kayan raƙuma 20. Abin da ya sa labarin ya zama abin faɗa shi ne ba a saba ganin Bahaushe a banki ba. Masuncin Guri ko manomin Auyo bai da abin da zai kai shi can. Ga nisa, ga takardun boko, ga kuma maganar riba, wadda ta sa malamai da yawa da mabiyansu suka nisanci banki.

Ƙoƙarin kai reshe ƙauye

Bayan Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959, aka kuma samu Bank of the North a Kano, gwamnatoci suka ɗauka maganin matsalar shi ne gini: a kai reshe inda mutane suke. Naira ta maye gurbin fam a 1973. A 1977 aka fito da shirin bankin karkara, aka raba wa bankuna garuruwan da dole kowanne ya buɗe reshe, wajen rassa 200 a zagayen farko. A 1989 aka kafa People's Bank don talakawa, a 1990 aka kawo bankunan al'umma, waɗanda daga baya, bayan tsarin 2005, aka mayar da su ƙananan bankuna masu ba da rance.

Me ya sa duk wannan bai wadatar ba? Lissafi ne kawai. Reshe yana cin gini, janareta, masu gadi, manaja, da motar da za ta kawo kuɗi da rakiyar 'yan sanda. Kafin ya riƙe kansa sai ya samu ajiya mai yawa wadda ke zama. Kuɗin fadama kuwa ba ya zama. Yana shigowa da kaka ko lokacin da tattasai ya nuna, ya fice wajen taki da man injin ban-ruwa. Ga mutane a warwatse, ga hanyoyin da ruwa ke yankewa da damina. Da aka haɗe bankuna a 2005, daga 89 suka koma 25, sai manyan da suka rage suka fi mayar da hankali inda riba take.

Sakamakon ka san shi. Masarautar Haɗejiya ƙananan hukumomi takwas ce, amma rassan bankuna sun fi taruwa a cikin garin Haɗejiya. Malamin makaranta daga Kiri Kasamma ko Guri kan kashe yini guda da kuɗin mota don ya cire albashinsa, wani lokaci ya bi layi har la'asar a ce masa "ba sabis, sai gobe." Idan ka duba da kyau, a nan yankin banki mai reshe bai taɓa zama na kowa da kowa ba.

Da waya ta shigo

Tunanin banki ba reshe ya daɗe a duniya. A Ingila an buɗe First Direct a 1989, komai ta wayar tarho ake yi. A Kenya, M-Pesa ta fara a 2007, ta mayar da masu shaguna wuraren ajiye kuɗi da cirewa. A Najeriya wayar salula ta zo a 2001, sai aka riƙa aza tubali ɗaya bayan ɗaya: tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, ƙa'idojin wakilan banki a 2013, lambar BVN a 2014. A kan waɗannan ne su OPay, PalmPay, Kuda da Moniepoint suka hau, daga baya MTN da Airtel suka buɗe nasu a 2022.

A nan ya kamata ka fahimci wani abu. Kuɗin da ke asusunka ba daminnan takardu ba ne da aka ajiye da sunanka a wani ɗaki, ko a banki mai bene. Rubutu ne a kwamfuta mai cewa kana bin bankin bashin kaza. In ka tura wa wani, a rage a shafinka, a ƙara a nasa, kamfanin NIBSS da ke tsakanin bankuna ya isar da saƙon. Alat ɗin da kake jira shaidar wannan rubutu ce.

Mai POS da ke ƙarƙashin lema kuwa, shi ne reshen na yanzu. Idan ka cire naira 10,000 a wurinsa, ana ɗebe ta daga asusunka a zuba a nasa, shi kuma ya ba ka daga tsabar da ke jakarsa, wadda sau da yawa daga 'yan kasuwa ko gidan mai ya samo. Wato aikin fatoma ne ya dawo da sabuwar riga.

Shekarun da suka gwada kowa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina saboda matsalar tsaro. Mai kuɗi a waya ya zama kamar marar ko sisi. A 2022 ambaliya ta mamaye ƙauyuka da yawa a gaɓar kogin Haɗejiya, gidajen ƙasa suka rufta, hanyoyi suka yanke. A nan kuma wanda dukiyarsa ke rumbu ko ƙarƙashin katifa shi ya fi shan wuya, wanda ke da asusu ɗan'uwansa na Kano ko Legas kan turo masa taimako cikin minti guda.

Sai canjin kuɗi. A Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Farkon 2023 tsaba ta ɓace, rassa suka cika maƙil, manhajojin manyan bankuna suka riƙa tsayawa, masu POS suka tsawwala caji. A watannin nan ne mai shayi da mai kifi da ɗan acaɓa da yawa suka buɗe asusun cikin waya, don nan ne taransifa ta fi saurin wucewa.

2024 ta zo da darasi biyu. A Afrilu Babban Banki ya dakatar da OPay, PalmPay, Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin kwastomomi har sai sun gyara yadda suke tantance mutane, ya ɗage a watan Yuni. A farkon Yunin nan kuma ya soke lasisin Heritage Bank, banki mai rassa da gine-gine. Masu ajiya suka je suka tarar da ƙofa a rufe. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, ita ta biya su, har zuwa naira miliyan 5 kowanne, kuma da yawa ta BVN aka gano wani asusun nasu aka zuba musu. Ginin bai ceci kowa ba, rajistar ce ta yi aiki.

To, ka koma ko kada ka koma?

Mu dawo kan abubuwa ukun nan na zamanin fatake.

Lissafi: ka san irin lasisin da kamfanin ke da shi, don ba duka ne banki iri ɗaya ba. Wasu da lasisin ƙaramin banki suka fara, wasu da na hada-hadar kuɗi ta waya, na kamfanonin sadarwa kuma doka ba ta ba su damar ba da rance ba. Babban Banki yana wallafa sunayen waɗanda ya ba lasisi. Wanda ba ya ciki, komai daɗin tallarsa, ka bar shi.

Amana: ka duba nawa inshora ta rufe. A 2024 NDIC ta ɗaga iyakar zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙanana. Mai sayar da riɗi ko shinkafa tirela guda ya wuce wannan iyaka a ciniki ɗaya, don haka ya san inda zai bar kuɗin su kwana. In maganar riba ta dame ka, ka tambaya ko ana ɗora wa ajiyar ruwa, ka kuma tuna tun 2012 akwai bankin da ba ya mu'amala da riba, wato Jaiz, wasu ma sun biyo bayansa.

Wurin kai ƙara: kafin ka zuba kuɗi mai yawa, gwada da kaɗan. Ka kira lambar taimakonsu ka ji ko mutum zai ɗauka, ko yana jin Hausa, ka tambaya in wayarka ta ɓace ko an toshe asusun ina za ka je. Idan ka kai koke ba a warware ba, akwai sashen kare masu hulɗa da banki a Babban Banki. Lambar sirrinka da lambar da ake turo maka ta saƙo kuwa, kada ka faɗa wa kowa, ko da ya ce daga ofishinsu yake kira.

Sannan kada ka yi gaggawar rufe tsohon asusunka. Albashi, fansho, neman rancen noma, ko takardar bayanin asusu don wata tafiya, duk suna iya buƙatarsa, kuma ranar da ɗaya ya tsaya ɗayan zai fitar da kai. Hausawa sun ce ba a sakin reshe a kama ganye. Kafin ka saki naka reshen, ka tabbatar abin da za ka kama yana da saiwa, ka kuma bar ɗan tsaba a gida don ranar da sabis ya ɗauke.